Badaru Mai Salansa

Badaru bai taso da niyyar zama mai walda ba. Manomi ne a wani ƙauye kusa da Baure, yana da gonar gero da wake, da shanun huɗa biyu, da amalanke. Da damina ya yi huɗa a gonarsa da ta mutane, da rani ya ɗaura wa shanun amalanke ya riƙa kai hatsi kasuwa. Ɗaya daga cikin shanun, wani ja mai faɗin ƙirji, Badaru ne ya raine shi tun yana maraƙi, har yakan lashi dusa a tafin hannunsa.

Wajen shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jihar Katsina, babura masu araha suka cika gari, samari kuma suka tsiro da yayin fasa salansa don babur ya riƙa ƙara kamar bindiga. Cikin masu wannan yayi akwai Nasrullahi, ɗan wani mai fataucin dabbobi a Baure, wanda uban ya saya wa babur tun bai san zafin nema ba.

Ran wata kasuwa da hantsi, Badaru ya ɗoro buhunan gero ya biyo hanyar da ta ratsa gefen wani kwazazzabo. Nasrullahi ya taho ta bayansa. Hanya da faɗi, ba abin da zai hana shi wucewa. Amma sai ya rage gudu daidai kunnen jan san, ya murɗa totur iya ƙarfinsa. Babur ya yi tsawa, shanun suka zabura, amalanke ta kife cikin kwazazzabon. Badaru ya tsinci kansa a ƙasa, buhuna da ƙarfen amalanke sun danne masa ƙafar hagu. Da ya ɗaga kai sai ya ga Nasrullahi ya tsaya a sama yana leƙowa. Yaron ya yi dariya, ya ja babur ɗinsa ya tafi.

Sai da aka daɗe kafin mutane su iso. Jan san ya karye a ƙafar gaba, aka kira mahauta suka yanka shi nan take, Badaru yana kwance yana kallo. Shi kuma aka kai shi wurin mai ɗori, amma ƙashin ya farfashe, ƙafar ta warke a karkace.

Da ya samu sauƙi ya kai ƙara kotun shari'a. Alƙali ya nemi shaidu, babu wanda ya ga abin da idonsa. Aka ba Nasrullahi rantsuwa. Ya yi alwala, ya ɗauki Alƙur'ani, ya rantse cewa ranar ko hanyar bai bi ba. Har aka tashi bai dubi inda Badaru yake zaune ba.

A gida matarsa Ikilima ta ce, "Malam, ka bar shi da Allah. Wanda ya rantse a kan ƙarya ai ya gama da kansa."

Badaru ya ce, "Na bar wa Allah rantsuwar. Dariyar kuwa tawa ce, ba zan bar wa kowa ba."

Gurgu ba ya bin garma. Ya sayar da ɗaya san, ya ba da gonar aro, suka kwashe kaya suka koma Daura wurin kawunsa Kabo, wanda ke da rumfar walda a bakin hanyar Kongolam, garin da ke kan iyakar Nijar. A nan ya koyi aiki yana zaune a kan wani guntun turmi, ƙafar a miƙe gefe guda. Ƙofofi da tagogi sun fi ƙarfin mai zama, sai ya tsaya kan salansar babura. 'Yan acaɓa sukan sayo salansa a kasuwa, bakinta bai yi daidai da bututun da babur ya zo da shi ba. Badaru zai yanke tsohuwar da zarto, ya samo guntun bututu ya haɗa bakunan biyu, ya bi da walda, sannan ya yi mata kunne ya ɗaure ta da noti a jikin babur don kada ta yi rawa. Abu ɗaya ne ba ya yi: fasa salansa don ta yi ƙara. Duk saurayin da ya zo da wannan buƙata, hanya yake nuna masa.

Shekaru suka wuce. Ya rame, ya tara gemu, kullum da baƙin gilashin walda a fuskarsa. Sunansa ma ya ɓace a bakin mutane, kowa Mai Salansa yake ce masa.

Wata rana bayan azahar wani mutum mai ƙiba ya tsayar da sabon babur a gaban rumfar, ya sauke wata ƙatuwar salansa cikin kwali. Tun kafin ya yi sallama Badaru ya gane shi. Ya ajiye sandar walda a hankali.

Nasrullahi ya tsuguna kusa da shi, ya rage murya. "An ce kai ne gwani. So nake ka ɗaura mini wannan. Ba na son ƙara ko kaɗan. In wuce ta bayan mutum bai ji ni ba."

"Ina za ka riƙa bi da shi, Alhaji?"

"Daji. Kai ma ka san sauran."

Badaru ya sani. Masu fasa-ƙwaurin fetur kan ɗaure jarkoki a babur su bi ta gonaki su tsallaka Nijar, su kewaye shingen jami'an kan iyaka. Ya ce masa ya bar babur ɗin ya dawo gobe.

Da Nasrullahi ya tafi, Badaru ya daɗe zaune yana kallon salansar. Sannan ya yanke murfin bayanta. A ciki akwai wani ƙaramin bututu mai huje-huje, shi ne ke shanye ƙara. Ya kankare duk waldar da ke riƙe da shi, ya mayar da shi da ɗigon walda ƙanana, murfin ma haka, yadda za su jure kwalta amma ba za su jure gargadar daji ba. Ya goge, ya fesa baƙin fenti. Sauran aikin kuwa, haɗin bututu da kunne da noti, bai taɓa yin mai kyau irinsa ba.

Kabo, wanda tsufa ya sa yanzu sai dai ya zauna yana kallo, ya ce, "Badaru, wannan waldar ba za ta riƙe ba."

"Na sani, Kawu."

"To me ya sa?"

"Shi ne yaron Baure."

Tsohon ya dube shi. Ya ce, "Mutum ya kawo maka amana."

Badaru ya ci gaba da ɗaure noti.

Washegari Nasrullahi ya tayar da babur, sai wani ɗan gurnani kamar na kyanwa. Ya yi murna ƙwarai, har ya dafa kafaɗar Badaru ya ce zai turo masa abokansa.

Ba a yi mako ba labari ya iso rumfar ta bakin 'yan acaɓa. Nasrullahi ya ɗauko jarkoki da tsakar rana, ya bi wata 'yar hanya mai duwatsu da ke bayan shingen Kongolam. Yana cikin wucewa murfin salansar ya yi tsalle, kayan cikin suka biyo shi, babur ya kece da ƙara har awakin da ke kiwo suka watse. Jami'ai suka bi shi da mota. Ya yi ƙoƙarin gudu, nauyin jarkoki ya rinjaye shi, ya faɗi ya goce a kafaɗa. Aka ƙwace babur da fetur, aka tsare shi.

Badaru ya sa aka maimaita masa labarin, yana tambayar inda ya faɗi da yadda aka ɗaga shi. Ran nan ya sayi tsire ya kai gida. Ikilima da ta ji dalili ta ƙi ci.

Bayan an sako Nasrullahi ya zo rumfar a ƙafa, hannu a rataye. Ya jefar da murfin salansar a gaban Badaru yana ihu, mutane suka taru.

"Mugu! Ka san abin da ka jawo mini? Sai na kai ka kotu!"

Badaru ya cire gilashin walda, ya ja wandonsa sama ya nuna karkatacciyar ƙafar. "Dube ni da kyau. Ni ne mai amalanke. Je ka kotun, ka gaya wa alƙali abin da ya sa kake son babur marar ƙara. In ya ba ka rantsuwa, ai ka iya."

Sai a lokacin Nasrullahi ya gane shi. Ya dubi ƙafar, ya dubi jama'a, ya juya ya tafi. Badaru ya bi shi da dariya mai ƙarfi har ya sha kwana.

Kabo bai yafe abin ba. Ya ce ba a cin amanar aiki a rumfarsa, ko wane ne ya kawo. Badaru ya kwashe kayansa ba tare da musu ba, ya kafa tasa rumfar kusa da tashar mota. Masu fasa-ƙwauri suka ƙaurace masa, wasu 'yan acaɓa ma suka ji tsoro, aiki ya yi ƙasa na wani lokaci kafin ya farfaɗo. Nasrullahi kuwa ubansa ya ƙi saya masa wani babur, aka ce ya koma bin motocin shanu zuwa kudu.

Da Kabo ya kwanta ciwon ajali, Badaru ya riƙa zuwa kullum yana yi masa fifita. Tsohon ya tambaye shi ko ya yi nadama. Badaru ya ce, "Kawu, na yi nadamar ɓata maka rai. Wancan kuwa, da zai sake kawo babur, da na sake."

Har yanzu yana nan a bakin tasha, gemun ya yi fari. Ɗansa na fari ne ke riƙe da rumfar, shi kuma yana daga gefe yana duba haɗin bututu kafin a miƙa wa mai babur.