Bin Gafakar Baba Daga Ketare Zuwa Sabuwa

Ketare

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na fita daga gidanmu na Ketare, raina a dagule. Shekarun nan ne da kuɗin mai ya shigo, gwamnati na ta tura matasa karatu waje. Na gama digirin farko a fannin lantarki, wata jami'a a Ingila ta ba ni gurbin digiri na biyu a kan na'ura mai ƙwaƙwalwa da sadarwa. Abin da ya rage shi ne ganawa da masu ba da tallafin karatu a Kaduna. Saura kwana biyar, kuma wasiƙarsu ta ce a zo da ainihin takardar shaidar digiri. Wanda ya zo hannu rabbana, sai baɗi, in ma an sake kiransa.

Takardar kuwa tana cikin gafakar Baba. A gidanmu duk takarda mai daraja nan ake sa ta, kusa da Alƙur'aninsa, inda gara ba ta kaiwa, hannu ba ya taɓawa. Shi kuma Baba ba ya kwana a wani gari ba da gafakarsa ba. Ana gobe zan yi wannan fitar na iso daga Zariya da la'asar, na tarar ya tafi zagayen dangi tun shekaranjiya. Inna ta ce in zauna a ba direbobin hatsi saƙo, kamar yadda kowa ke yi. Na yi dariya. Ni da zan je koyon aika magana ta waya, a ce in zauna jiran bakin direba? Ta ce, "To tahi, Allah shi kiyaye hanya."

Ƙanƙara

Wani maƙwabcinmu ya goya ni a babur. Tafiyar ba ta kai ta sa'a guda ba, amma damina ta yi nisa, sau biyu muna sauka muna turawa cikin taɓo. Ƙarfe bakwai saura na yi sallama gidan Gwaggo, yayar Baba. Ta ce nan ya kwana, amma tun jiya ya wuce 'Yankara. Na juya zan fita, ta riƙe mini riga. Ta ce shekara huɗu rabon da in tako gidanta, yanzu kuma na zo a tsaye kamar mai karɓar haraji. Dole na zauna na sha koko da ƙosai, ina sha ina duba agogo. Ta ƙulla mini daddawa da kuka a tsumma, wai ta ji Turawa ba su iya miya ba.

A tasha na samu akori-kura mai zuwa kasuwar 'Yankara, sule biyar. Muka tashi ƙarfe tara, ni a gaba tsakanin direba da wani mai kaji. Na buɗe littafin da nake shirin ganawa da shi, babin da ke bayanin yadda ake tace muryar mutum daga hayaniyar da ke bin waya. Layi ɗaya na yi ta maimaitawa har muka kai shingen 'yan sanda. Kofur ya zazzage jakata, ya ci karo da damin katunan nan masu huda-huda da muke ba na'ura umarni da su. Na yi masa bayani iyakar iyawata. Ya ɗaga ɗaya ya leƙa ni ta cikin hudar, ya ce wa direba, "Ku tahi. Wanga, ɓera ya ci mashi karatu."

'Yankara

Sha ɗaya da rabi muka shiga, kasuwa ta cika ta batse. Na kutsa layin 'yan hatsi har rumfar Kawu Mamman, ƙanin Inna. Ko kaɗan bai yi mamakin ganina ba, har ma na tarar da ƙwaryar fura an dama an rufe da faifai a gefensa. A lokacin ban kawo komai a raina ba. Ya ce Baba ya hau motar Faskari da hantsi. Sa'a biyu kacal tsakaninmu! Na ji kamar in yi kuka. Kawu kuwa ko a jikinsa, sai zagayawa da ni yake rumfa-rumfa yana cewa ga ɗansa nan mai zuwa Ingila koyon tangaraho. Kowa ya sa albarka, ni kuwa amin ɗina a gaggauce take fita.

Faskari

Motar da na samu sai da ta tsaya a Sheme ta sauke buhuna, ta ɗauki wasu, direba ya ci abinci, ya yi aski. Ƙarfe huɗu da rabi muka isa Faskari, hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Na nufi gidan Malam Barau, aminin Baba tun suna makarantar allo. Ya ce tare suka yi azahar, sannan Baba ya bi motar katako ta ƙarshe zuwa Sabuwa, wajen Iya.

Iya ita ce mahaifiyar Baba. Wajenta aka kai ni yaye, kuma ban bar ɗakinta ba sai da na isa shiga makaranta. Daga baya ta koma Sabuwa wurin ƙanin Baba da ya je noma. Shekara shida ban je ba. Kullum ina cewa sai hutu, hutun ya zo in ce sai na gaba.

Ruwa ya sauko kafin magariba, ya kwana yana zuba, ya wuni. Rafin da ke kan hanya ya cika, babu motar da ta motsa. Na wuni a zauren Malam Barau ina kaiwa da komowa kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Babu waya a Sabuwa, babu a Ketare, ga ni da littafin sadarwa mai shafi ɗari biyar a hammata. Na ci tuwon dawa miyar kuɓewa ban san ɗanɗanonsa ba. Gaskiya na ji haushin Baba ƙwarai, har na raya a zuciyata cewa tsofaffin nan ba su san darajar lokaci ba.

Sabuwa

Rana ta uku, saura kwana uku, ruwa ya janye. Muka tashi ƙarfe takwas a bayan gingimari, muka tsallake rafin da ƙafa, wando a naɗe, motar ta biyo mu da kyar. Sai ƙarfe biyu muka shiga Sabuwa. Na hango Baba zaune a ƙofar gida, gafaka a cinyarsa. Na durƙusa na gaishe shi, gaisuwar da ni kaina na san ta yi gajarta.

Ya ce, "Saƙon innarka ya iske ni a 'Yankara tun da asuba, kahin ka baro gida. Da na ba direba takardar, da tuni ta isa Ketare."

Na ce, "To Baba, me ya sa?"

"Ba ta wurina. Shiga ciki ka amsa."

Na shiga. Iya tana kan gadon kara, ta ƙanƙance, idanun sun tafi. Ta ji motsina ta ce, "Wane ne? Maigidan ne da ya gudu ya bar ni ba cefane?" Ta lalubo fuskata, ta shafa gemun da ba ta san na tsayar ba. Ta tambayi abin da zan je koyowa, na ce yadda mutum zai yi magana a nan a ji shi a wani gari ba sai ya taka ba. Sai ta ce, "Ashe shi ya sa ka hwara gwadawa a kaina."

Kunya ta rufe ni, na yi kuka sosai, ba na ɓoyewa. Ta jawo takardar daga ƙarƙashin matashinta, inda ta kwana biyu, ta tofa mata addu'a, ta miƙo mini. Ɗan yatsanta ya bar jan tabon goro a kusurwar. Ranar ban sake duba agogo ba. Na zauna na ɓare mata gyaɗa har la'asar ta yi sanyi, tana ba ni labarin ɓarnar da na yi mata ina yaro.

Kaduna, da komawa gida

Da safe na bi ta Dandume na fita Funtuwa, daga nan Zariya, na kwana Kaduna da sauran kwana guda a hannuna. A wurin ganawa wani dattijo ya juya takardar, ya nuna tabon ya tambaye ni. Na ce hannun kakata ne. Ya dube ni, ya ajiye ta a hankali, ya shiga tambayata lissafi. Bayan kwana biyu na sauka Ketare ƙarfe shida na yamma, Inna na tankaɗe a tsakar gida. Ta ce, "Ka samo?" Na ce na samo. Ta yi murmushi, ta ci gaba da tankaɗenta.

Na samu tallafin. Iya ta rasu ina wata na biyar a Ingila, wasiƙar ta yi mako uku kafin ta same ni. Na yi shekaru ina aikin haɗa garuruwa da waya, takardar kuma tana nan da tabonta, ban taɓa yarda a goge ba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Gwaggo da Kawu da Malam Barau da suka riƙe ni ina fizgewa. Baba kuwa, da ya ƙi ba direba takardar nan, har ya koma ga Allah ban gama gode masa ba.