Allurar da Ta Shafa Jinin 'Yar Yayana

Ko na tsufa tukuf, ranar da na rufe wa yayana baki a zauren gidanmu na Bagega ba za ta fita raina ba.

Lokacin da gubar dalma ke kwasar yara ne. Yaya yana dakan duwatsun zinariya a tsakar gida, 'yarsa mai shekara uku tana wasa cikin ƙurar, wadda ke ɗauke da dalmar. Ta rame, tana yawan sanƙarewa. Likitoci suka auna jininta, suka ce a kai ta asibitin garin Anka a kwantar. Ya ƙi.

"Jininta ja ne kamar na kowa," ya ce. "Ni abin da ban taɓa da hannuna ba, ban yarda da shi."

Ni kuwa ina jami'a, ina aiki da wata na'ura mai allura siririya, wadda ido ba ya ganin bakinta. Ba kallo take yi ba, shafa take yi. Tana bin saman ƙwayar jini, ta hau tudu ta gangara kwari, kwamfuta tana zanawa. Ko tari ka yi kusa da ita, aikin ya lalace.

Na ce, "Yaya, ba ni ɗigon jininta da naka."

"Ɗauki mana, likitar birni!"

Na shafa su a gilashi, na tafi. Da na dawo, na ajiye masa hotuna biyu. Ƙwayar jininsa sumul kamar waina, da ɗan lotso a tsakiya. Ta yarinyar ta yamutse, duk tsini kamar ƙarangiya.

"Mi ne wanga?"

"Jinin 'yarka ne. Yadda kake murza dutse da babban yatsa ka san mai zinariya, haka allurar ta murza shi."

Wallahi sai ya ɗora yatsa a kan hoton yana shafawa. Inna ta leƙo ta ce, "To, ka taɓa. Saura mi?"

Kafin la'asar ya goya yarinyar a babur zuwa Anka, dakan dutse kuma ya bar gidanmu. Ta rayu, amma har yau maganarta ba ta fita sosai, abin yana ci mini rai.

Gaskiya tana hannun likitoci tun farko, na'urata ba ta ƙara mata komai ba. Abin da na koya shi ne, idan kana da gaskiya, ka kai wa mutum ita ta ƙofar da yake buɗewa, kuma ka yi sauri.