Ƙofar Yayar Baba Inci

Baba Inci ake ce masa, domin mutum ne da zai ɓata yini guda yana musu a kan inci ɗaya. Shekara arba'in yana aikin kafinta, ƙofa ce gwanintarsa, kuma abin da yake tinƙaho da shi, bai taɓa kafa ƙofa ya dawo ya cire ba. Fensir a bayan kunne, tef ɗin awo a aljihu, yana tafe yana hararar ƙofofin mutane kamar sun zage shi. Shi kansa kuwa a gidan haya ya tsufa.

Da masallacin unguwa da cocin da ke bayansa suka haɗa kai za su gina gidaje goma na masu ƙaramin ƙarfi a filin da ke tsakaninsu, wanda a da juji ne, ba a sha wahalar neman kafinta ba. Shi ya kai kansa. Gidajen ciki da falo ne, da kicin da banɗaki, haya mai sauƙi. Shi kuwa yana da dalilinsa na kai kansa. Yayarsa, wadda ta goye shi yana jariri, ta shekara shida a kan keken guragu a wani ɗakin bene, ba ta sauka sai mutum biyu sun ɗauko ta. Kwamitin ginin ya ba ta gida na farko, shi kuma ya ci alwashin da kanta za ta shiga.

Ya auna keken daga taya zuwa taya, ya ƙara inci ɗaya, ya ba birkila ma'aunin ƙofofin goma. Aka yi filasta, aka yi fenti. Saura kwana uku a raba makullai ya kawo ta ta gani, yana ta washe baki.

Yaya ta kama tayoyi ta nufi ƙofa. Keken ya shiga, amma bayan hannayenta suka gurji katako, har fata ta sale.

"Janye hannunki, Yaya, in tura ki," in ji shi.

"In turawa ce, ai can ma ana tura ni," ta ce tana hura yatsunta. "Kai, keken ka auna ko ni?"

Keken ya auna, ba kowa a kai. Kunya ta kama shi har ya rasa inda zai sa idonsa. Shekara arba'in, kuma a kan ƙofar da ta fi kowace muhimmanci ya manta mutum yana da hannu.

Da yamma ya tsaya gaban kwamiti ya ce shi ya yi kuskure, a fasa. Birkila ya dafe kai. "Haba, Baba! A fasa tata kaɗai mana."

"Duka goma. Su sauran ba za su tsufa ba ne?"

Liman ya dubi fasto, fasto ya dubi birkila, aka ɗaga ranar da mako biyu. Baba Inci da hannunsa ya ɗauki guduma ya fara da aikinsa. Kowace ƙofa ya ƙara mata inci huɗu, ya sake yanka katako. Liman ya naɗe hannun riga yana kwasar ɓaraguzai, fasto yana tura baro yana tsokanarsa wai daga yau sunansa Baba Inci Huɗu. A unguwar dai har yau muna alfahari da wannan fashe-fashen fiye da fentin.

Ranar da aka raba makullai, mutane suka cika layin. Yaya ta karɓi nata, ta buɗe, ta murza tayoyi ta shige, hannayenta ba su taɓa komai ba. Ya bi bayanta zai nuna mata yadda sakata take. Sai ta juya keken, ta turo ƙofar a gabansa, ya ji ƙarar makulli.

"Yaya, ni ne fa!"

"Na sani," ta ce daga ciki. "Ka ƙwanƙwasa. Shekara shida ban ce wa kowa 'wane ne?' ba."

Ya share idonsa da bayan hannu, ya gyara tsayuwa, ya ƙwanƙwasa.