Mai Makulli da Turancin Yawan Baƙi

Shekara talatin da huɗu ya yi yana yanka makulli a lungu ɗaya, cikin shagon da bai fi faɗin tabarma biyu ba. Yara na ce masa Baba Makulli, sa'anninsa su ce Mai Makulli. Yayarsa kuwa, wadda ke haya a benen da ke saman shagon, har ya yi furfura ba ta daina ce masa Auta ba.

Ta makulli yake sanin labarin unguwa. In aka zo yanka biyu, an yi sabon aure. In aka ƙara na uku, yaro ya girma har an yarda ya dawo daga makaranta shi kaɗai. In mace ta zo a fusace ta ce a canza mata kwaɗo yau-yau, ba ya tambaya.

Lungun ya ƙare ne a wata tsohuwar matakalar dutse, wadda daga samanta ake hango kogi. Shanya kawai mutanen unguwa ke yi a wurin. Wata shekara wani ya ɗauki hotonta ya sa a intanet, sai 'yan yawon buɗe ido suka fara zuwa, bibbiyu, uku-uku. Mai Makulli ya yi murna da su, har kujera yake ba tsofaffinsu. Kafin shekara huɗu, manyan motoci ke juye su a bakin titi tun hantsi. Mai kayan miya ta tashi, aka mai da shagonta wurin sayar da huluna. Mai wanki da guga ya bi bayanta.

Shi kam kasuwa ta buɗe masa. Masu gidaje sun gano baƙon kwana biyu ya fi ɗan haya riba, shi kuma baƙo ba ya rabo da yar da makulli. Sai ka ga mutum ya zo yana son goma na ƙofa ɗaya.

Wata safiya ya tarar an rataya farin ƙyalle a tagar da ke kallon shagonsa, da wata doguwar kalma ta Turanci a jiki. Da 'yarsa malamar makaranta ta biyo da la'asar, ya nuna mata da magagarin da ke hannunsa.

"Uwata, karanta min wancan."

"Obaturizim, Baba. Kalma biyu aka haɗa. Ta farko wuce kima, ta biyu yawon buɗe ido. Ana faɗarta in baƙi sun fi ƙarfin wuri, har masu wurin sun rasa yadda za su yi rayuwarsu."

"Wato kwalekwalen mutum goma a loda masa talatin."

"Ka ma fi ni iya bayani."

Kalmar ta yi masa daɗi a baki. Washegari wani dogon baƙo ya zauna masa a dokin ƙofa yana shan lemo, ya tare hanya. Mai Makulli ya leƙo ya ce, "Kai, obaturizim, matsa!" Mutumin ya miƙe yana ba da haƙuri, fuska duk ta yi ja. Da 'yar ta ji, sai da ta riƙe ciki don dariya.

"Baba, ba mutum ake kira da ita ba. Hali ne da wuri ke shiga. Kamar ambaliya ce, ai ba ka nuna ɗigon ruwa ɗaya ka ce kai ne."

Ya karɓi gyara, amma bai fasa amfani da ita a gida ba. Duk ranar da dangin matarsa suka cika falo, sai ya raɗa mata, "Yau kuma obaturizim ta same mu." Ita kuma ta ce, "In naka ne suka zo, sunansa zumunci."

Wasa ya ƙare ranar da mai benen ya shigo shagon yana sosa ƙeya. Ya ce ya ba Yaya wata biyu ta tashi, zai gyara ɗakunan saboda baƙi, kuma yana son a sa sabon makulli in ta fita.

"Na san 'yar'uwarka ce," in ji shi. "In ba za ka iya ba, sai in kira wani."

Mai Makulli ya ce zai yi shawara. Ya hau benen ya sami Yaya tana naɗe kofuna a tsofaffin jaridu. Shekara ashirin da shida ta yi a ɗakunan nan, a nan mijinta ya rasu.

"Yaya, ba zan taɓa ƙofar nan ba."

"Za ka taɓa, Auta. In ka ƙi, wani zai zo da guduma ya farfasa ta. Yi aikinka da kyau."

Ya yi. Bai karɓi ko kwabo ba, kuma sati guda injinsa bai yi ƙara ba.

Da majalisar gari ta kira taron mutanen unguwa, shi da bai taɓa magana gaban jama'a ba ya ɗaga hannu. Ya ce shi ba ya ƙin baƙo, a jikinsu ma ya ci abinci. Amma a lungunsu ƙofa arba'in da ɗaya ce, duk ya san su kamar yunwar cikinsa, kuma tara ne kawai suka rage da mutum ke kwana a bayansu shekara cur.

"Masu Turanci sun ba abin suna," ya ce, "ni dai ƙidayar ƙofa na sani."

Ba maganarsa kaɗai ta yi aiki ba, an daɗe ana kai ruwa rana. Daga bisani dai aka hana ƙara gidajen baƙi a lungun, aka mai da tashar manyan motoci can bakin gada. Cunkoson ya ragu, bai ƙare ba. Yaya ba ta dawo ba. Tana wajen ɗanta a bayan gari, ta ce gwiwarta ma ta huta da hawa bene.

Yanzu idonsa ya fara rauni, da safe kawai yake buɗe shago. Ran Lahadi yakan hau mota biyu ya je gaishe ta, ya kai mata maganin gwiwa, su zauna a tsakar gida tana yi masa faɗa a kan ya rame.