Ranar da Na Gwada Rizaf da Inna a Bayan Babur

Malam Edita, ina roƙon ɗan fili in ba da labarin abin da ya same ni ina saurayi. A shekarun yaƙin basasa ni ƙaramin malamin gona ne na En'e a Gashuwa, ban yi aure ba, ina zaune da mahaifiyarmu da muke kira Inna, da ƙanena guda ɗaya. Halina tun ina yaro son ganin ƙarshen abu ne. In aka ba ni agogo sai na kwance shi, in aka ce rijiya tana da zurfi sai na zura igiya. Da na sayi babur kuwa, ba gudunsa ne ya ɗauke mini hankali ba, wani ɗan makunni ne a ƙarƙashin tanki. Idan mai ya ƙare babur ya fara shessheƙa, sai ka murɗa shi, ɗan ragowar da ya kwanta a gindin tanki ya sauko. Shi muke kira rizaf.

Mu masu babur a garin ba mu da yawa, kuma kullum gardamarmu ɗaya ce: ina rizaf yake kai mutum? Wani ya ce iyakarsa bayan gari, wani ya rantse ya taɓa kai shi rabin hanyar Jakusko. Ni ban iya gardamar baki ba, sai na shiga gwaji. Nakan ɗaure kwalbar fetur a baya, in bar tanki ya ƙare da gangan, in murɗa rizaf in yi ta tafiya har babur ya mutu, sannan in juye kwalbar in dawo. Abin mamaki, bai taɓa mutuwa a wuri ɗaya sau biyu ba. A kan ƙasa mai tauri yakan yi nisa, a cikin yashi yakan gaza da wuri, ko iska ma in ta taso ta gaba sai ta ci rabonta. Wannan rashin tabbas maimakon ya tsorata ni, daɗi yake mini.

Ana cikin haka ƙanena ya je ya ba da sunansa a soja ba tare da ya shawarci kowa ba. Inna ta yi fushin da ban taɓa ganin irinsa ba. Ta daina amsa gaisuwarsa, ranar da ya zo sallama ma ta juya masa baya tana tankaɗe. Haka ya tafi Nguru, inda ake tara su kafin jirgin ƙasa ya kwashe su zuwa Kano. Ranar da jirgin zai tashi, da hantsi, sai ga Inna a ƙofar ɗakina da mayafi da ƙunshin dakuwa da busasshen kifi. Ta ce in tashi in kai ta, ba za ta bar ɗanta ya tafi bakin daga ba tare da albarkarta ba. Motar Nguru ta riga ta wuce, jirgi kuma sai la'asar, saboda haka lokaci yana nan. Matar da ba ta taɓa hawa babur ba ta hau a karkace, ta riƙe rigata. Sai dai ta ce in cire wannan kwalbar, kada warin fetur ya kama wa yaro guzuri. Na cire.

A bakin kasuwa akwai wani Bayarabe mai sayar da fetur a durom. Har ya ɗaga mini hannu yana tambaya ko zan zuba. Na jijjiga babur na ji motsin mai a tanki, na yi lissafi a zuciyata: wannan zai kai mu wajen Jajimaji, daga nan kuma rizaf. Ban taɓa gwada shi a wannan hanyar ba, ban kuma taɓa gwada shi da mutum a baya ba. Wallahi ba rowa ba ce, ba kuma sauri ba ne. So nake in sani. Na ɗaga masa hannu na wuce.

Tun kafin Jajimaji babur ya yi shessheƙa, na sunkuya na murɗa. Inna ta tambaya ko lafiya, na ce mata lafiya lau. A Jajimaji na ɗan leƙa ko da mai fetur, babu. Hanyar duk yashi ce, ga nauyin mutum biyu, sai a ƙaramar giya ake tafiya, ita kuwa shan mai take kamar raƙumin da ya dawo daga fatauci. Rana ta karkata, muna tsakiyar daji, babur ya yi tari ya mutu. Na kwantar da shi a gefe don ɗigon da ya maƙale ya gangaro, na hura bakin tanki, ya tashi ya ɗan taɓa tafiya, ya sake mutuwa. Inna ba ta yi mini faɗa ba. Ta ɗora ƙunshinta a ka ta kama hanya, ni ina biye ina tura ƙarfe. Wasu masu jakunan kanwa suka cim mana, suka ji tausayinta suka ɗora ta a kan jaki. Muna hango rufin kwanon tasha daga nesa muka ji kukan jirgi, muka ga hayaƙinsa yana yin yamma. Duk da haka ta ce a ƙarasa. Ta zauna a kan buhun gyaɗa tana kallon layin dogo har aka kira magariba.

Na yi ta aika wa ƙanena saƙo ta hannun sojojin da ke wucewa, ashe ko ɗaya bai same shi ba. Allah ya kiyaye shi, ya dawo bayan yaƙi da ƙafafunsa, amma Inna ta riga ta rasu da daminar da ta gabata. Duk shekarun nan yana can yana ganin da fushinta ya tafi. Na zaunar da shi na faɗa masa komai. Ya yi kuka sosai, ya ce ya ji sanyi da jin ta taso don ta sa masa albarka, bai kuwa zage ni ba.

Masu karatu, son sani ba laifi ba ne, har yau ina da shi. Amma ku zaɓi ranar gwaji. In buƙatar wani tana bayanku, ku cika tanki, ku ajiye tambayarku sai wata rana. Ƙanena abu ɗaya ya roƙe ni, in faɗa masa kalmomin da Inna ta shirya za ta gaya masa a tasha. Ban san su ba. Duk tsawon hanyar nan tana riƙe da rigata, kunnena yana kan inji, ban tambaye ta ba.