Wayar da Ta Ratsa Gidan Goni Bukar

Har yau ban manta da ranar da aka tura ni wani ƙaramin ɗakin shan magani a Mandawari ba. A 1999 ne, ba a daɗe da miƙa mulki ga farar hula ba. Lokacin ina mataimakin foman a sashen lantarki na ƙaramar hukuma. Aikinmu, in kayan gwamnati sun lalace, mu je mu duba ko laifin kayan ne ko na mai riƙe da su. Da abin da muka faɗa ake hukunci.

Sabon kansila ne ya kawo firji da janareta don ajiye allurar rigakafin yara. Sai allurar ta lalace saboda rashin sanyi, aka ce sakacin Malama Binta ne, ma'aikaciyar lafiyar da ke wurin. Foman ya ce da ni, "Je ka tabbatar firjin lafiyarsa ƙalau ka dawo. Dakatar da ita za a yi."

Na same ta ita kaɗai a kan benci. Ta ce, "Malam Sani, kullum sai na tada injin nan. Firjin ya yi gurnani, ya yi shiru. Na faɗa, ba wanda ya saurare ni."

Na tambayi inda janaretan yake. Ashe yana can wani kango. Maƙwabcinsu Goni Bukar, dattijon malamin Alƙur'ani, yana da ciwon ƙirji, shi ya roƙa aka nesanta hayaƙin. Na bi wayar da ta haɗa shi da firjin da ƙafa. Siririya ce, ta bi lungu, ta sha kwana, ta zagaye gidaje kafin ta iso. Na taɓa ta, na ji ɗumi. Na sa mita a bakin injin, wuta cike. Na sa a bayan firjin, ta faɗi ƙasa sosai.

Ga waɗanda ba aikinsu ba ne: waya ba ta barin wuta ta wuce haka kawai, tana yi mata turjiya. In ka ninka tsawon waya, ka ninka turjiyar, in kuma siririya ce abin ya ƙaru. Ƙarfin da ya kamata ya juya injin firjin a hanya yake ƙarewa, ya zama wannan ɗumin. Abin da ya iso zai kunna ƙwan fitila, amma ba zai tada firji ba.

Waya mai kauri da muke da ita a sito gajera ce. Da na hau soro na duba, sai na ga gidan Goni ne kaɗai tsakanin kangon da ɗakin maganin.

Na yi sallama a zaurensa, na durƙusa, na yi masa bayani. Na ce, "Baba, injin ba zai matso ba. Wayar ce nake roƙon ta ratsa ta cikin gida."

Ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya ce, "Ban san hayaƙin da na kora a kan yarinyar nan ya sauka ba. Dakata mata su shiga ɗaki."

Da kansa ya nuna mini inda zan huda katanga. Na ratsa da waya mai kaurin ta cikin gidan, kafin la'asar firjin ya ɗauka. Malama Binta ta sa hannu ciki, ta daɗe ba ta fitar ba.

Foman bai ji daɗi ba, don sai da ya je gaban kansila ya ce ba laifinta ba ne. Amma ya je. Ta ci gaba da aikinta a wurin har ta yi ritaya.

Abin da nake gaya wa masu tasowa shi ne, in an ce ku duba na'ura, kada ku tsaya a bakinta. Ku bi wayar da ƙafarku har tushe, ku saurari wanda ke wurin kullum. Da firjin kaɗai na duba, da na ce lafiyarsa ƙalau, ban yi ƙarya ba, kuma da na raba baiwar Allah da aikinta.