Dattijo Mai Sayen Burodin Jiya

Mai shago tana kallon wani dattijo da ke tsaye gaban kwandon burodin da ya kwana. Rigarsa ta sha guga, amma ta yi masa yawa, kamar wanda ya tashi daga doguwar jinya. Yana ƙwanƙwasa burodin ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, waɗannan sun bushe ƙamas," in ji ta. "Ga sabo nan."

"Ƙishirwa kawai suke ji, 'yata. A gida zan yayyafa ruwa, in rufe a tukunya kan wuta kaɗan, sai laushi ya dawo."

Ya zaɓi wanda ya fi tauri, yana murmushi.

"Ai ni ma bara an fid da rai da ni."